Taba a Bakin Tireda, Giya a Bayan Labule

Idan aka zo neman auren yarinya a Kano ko Zariya ko Maraɗi, iyayenta ba sa ba da amsa nan take. Sai a ce wa magabatan saurayi su je za a neme su, sannan a tashi wani kawu ko baffa ya shiga unguwar yaron ya yi bincike. Tambayoyin ba su da yawa, kuma kowa ya san su: ɗan gidan wa ne, mece ce sana'arsa, ana ganinsa a masallaci, da su wa yake zama, yana shaye-shaye? A kan ta ƙarshen ne auren yakan tsaya ko ya wuce. In maƙwabci ya ce "sigari dai yake ɗan busawa," mai bincike zai ɓata fuska, ya kai labari gida, a yi shawara, sau da yawa kuma a ba da yarinyar da fatan Allah zai shirye shi. In kuwa aka ce "an taɓa ganinsa a mashaya," magana ta mutu, ko da sau ɗaya aka gan shi, ko da shekara goma ke nan da yin abin.

Da likita za a tambaya, zai ce wanda ke ƙone kwalin sigari kullum ya fi kusa da gadon asibiti a kan wanda aka gani sau ɗaya da kwalba. Amma jama'a ba da huhu da hanta suke auna waɗannan abubuwa biyu ba. Suna auna su ne da hukuncin addini, sannan da abin da idon mutane zai gani. Wannan ma'auni ya tsare miliyoyin mutane daga kwalba da kara, abin da ƙasashe masu arziki suka kashe kuɗi mai yawa ba su samu ba. Sai dai yana da wuraren da ba ya gani, kuma ta nan ɓarna mafi girma ta shigo.

Game da giya babu gardama tsakanin malamai. Alƙur'ani ya hana ta daki-daki, daga ayar Baƙara da ta nuna zunubinta ya rinjayi amfaninta, zuwa ta Nisa'i da ta hana mai maye kusantar sallah, har zuwa ta Ma'ida da ta rufe ƙofar baki ɗaya. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, haddin mashayi bulala 80 ne. Yaron da bai gama izu biyu ba ma ya san wannan.

Duk da haka ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa giya ba. Maguzawan karkarar Kano da Katsina da Zazzau sun daɗe suna dafa ta da dawa: a jiƙa hatsin har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar shi ya yi tsami. Aikin mata ne, kuma hanyar samun kuɗinsu ce. Giyar ba ta daɗewa ba ta lalace ba, saboda haka ba abin da mutum zai ɓoye a ɗaki yana kurɓa shi kaɗai ba ne. Ta taro ce, ta gayya da biki da makoki da tsafin gida. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya tarar da ita a tsakiyar al'amuransu. Ga Musulmin da ke maƙwabtaka da su kuwa, ita ce alamar da ake rarrabe su da ita. Bamagujen da ya musulunta, abu biyu ake fara dubawa gare shi: ya kama sallah, ya kuma bar giya. Shi ya sa ƙin giya a wajen Bahaushe ya zarce gudun zunubi kawai, ya zama shaidar cewa mutum na cikin jama'a. Mai gulma da mai cin riba da mai tauye mudu duk masu zunubi ne, amma ba wanda zai ce sun fita daga sahu. Mashayi kuwa kallon bare ake yi masa.

Turawan mulkin mallaka sun zo sun ƙara wa wannan kallo ƙarfi da doka. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, musamman na Musulmi, kuma Lugga ya kafa gwamnatinsa a Arewa a kan wannan hani. Dokar giya ta 1917 ta raba Nijeriya yanki-yanki, ta sa Arewa cikin inda aka haramta. A Kudu kuwa, harajin barasar da ake shigowa da ita ta Legas yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, ya zo da akawuna da ma'aikata 'yan Kudu, aka ware musu Sabon Gari a bayan ganuwa, can ne kuma ake iya samun lasisin sayar da giya. Tun daga lokacin giyar kwalba ta samu unguwarta da mutanenta: ta baƙi ce da 'yan bariki. Ɗan birnin da ke son ta sai ya fita daga gari, da dare, ya shiga inda ba a san ubansa ba. Tsarin da ake gani yau a Kano da Zariya da Gusau ya girmi Shari'ar 2000 da shekara kusan 90. Dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960 zamanin Sardauna, ita ma ta tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya ba don magani ba.

To amma a shekarun bayan samun mulkin kai, abin bai yi tsananin da matasan yau suke zato ba. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, a hedikwatar Arewa kanta. Kulob-kulob na ma'aikata da gidajen saukar baƙi na gwamnati duk suna da mashaya, kuma ba 'yan Kudu kaɗai ke zama a ciki ba. Wani rukuni na 'yan boko sun ɗauki kwalba a matsayin wani ɓangare na wayewa, tare da kwat da taye da karanta jarida. Jama'a sun sani, suna gunaguni, amma ana gaisawa.

Mawaƙa biyu sun isa su nuna yadda hankalin mutane ya rabu a lokacin. Mu'azu Haɗeja ya rubuta Waƙar Giya, wadda ta yi kaca-kaca da mashaya, aka buga ta aka kuma karantar da ita a makarantu. Mamman Shata kuwa bai taɓa ɓoye shansa ba, har ya yi waƙar A Sha Ruwa, kuma hakan bai hana sarakuna da alhazan birni gayyatarsa ba, bai hana Jami'ar Ahmadu Bello ba shi digirin girmamawa a 1988 ba. Ana iya cewa mawaƙi daman yana da rangwamen da ba a yi wa kowa, kuma gaskiya ne. Amma a gwada tunanin wani mawaƙin Hausa na yau ya fito da waƙa irin wannan: kafin gari ya waye Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta neme shi. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, wata huɗu kafin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi bikin ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ranar 27 ga Oktoba.

Sauyin bai faɗo daga sama ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 wa'azi ya ƙaru ya kuma yi zafi. An kafa Izala a Jos a 1978, ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi sun yi ƙarfi a jami'o'i, kaset ɗin malamai ya shiga kowace tasha da kowane shago. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya sa talaka ya soma kallon shagalin manya da idon fushi. Lokacin da jihohi 11 suka bi sahun Zamfara, rufe mashaya na cikin abubuwan da jama'a suka fi ɗokin gani, domin shi ne abin da ake iya gani da ido cikin mako guda. Gyaran kotu da rabon zakka da hana cin hanci duk suna ɗaukar lokaci.

A Kano an kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, kuma fasa kwalabe ya zama aikin da aka fi saninta da shi a wajen jihar. A Nuwamban 2013 ta fasa kwalba 240,000. A Nuwamban 2020 ta fasa 1,975,000, waɗanda aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai naira miliyan 200. A Fabrairun 2022 adadin ya kusa miliyan 4. Ana tara su fili guda, a kira 'yan jarida, katafila ta bi ta kai, jama'a na kabbara. Mai goyon baya yana ganin ƙwazo a cikin waɗannan lambobi. Ana kuma iya karanta su ta wata fuskar: shekara 20 bayan hani, manyan motoci ba su daina ɗauko giya zuwa Kano ba, kuma ɗan kasuwa ba ya kai kaya inda babu mai saye.

Masu sayen suna nan, wurin zama kawai suka canza. Sabon Gari bai rufe ba. Kasuwannin mami na barikin soja da na 'yan sanda ƙasar gwamnatin tarayya ce, Hisbah ba ta shiga, kuma duk wanda ya san gari ya san ba sojoji kaɗai ke ajiye mota a can da magariba ba. A farkon shekarun 2000 wasu masu mashaya sun tsallaka iyaka zuwa ƙauyukan Nijar da ke kusa da Katsina da Sakkwato. Mai hali kuma yana da Abuja da ɗakin otal da firjin gidansa na biyu. Wanda bulala ke samu galibi shi ne lebura ko ɗan acaɓa ko karen mota da ya bugu ya fito titi yana tangaɗi. Jama'a sun san da wannan bambanci sarai, suna kuma maganarsa a majalisa da shagon mai shayi, amma ba ya tayar musu da hankali yadda ya kamata, domin a ganin da yawa wanda ya ɓoye laifinsa ya nuna yana da sauran kunya, kuma rufin asiri abu ne da addini ya yi umurni da shi.

Daga Kudu kuma wani ƙorafin ake yi. Harajin VAT da ake karɓa a kan giya yana shiga asusun tarayya a raba wa kowace jiha, har da masu fasa kwalba. Nyesom Wike ya yi ta nanata wannan lokacin yana gwamnan Ribas, musamman bayan wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke hukunci a Agustan 2021 cewa jihar ce ke da ikon karɓar harajin, kuma maganar ta sake tasowa a muhawarar gyaran dokokin haraji ta 2024. Amsar da 'yan Arewa suka saba bayarwa ita ce hatsi da dabbobi da kayan miya da suke ciyar da ƙasa ba a karɓar VAT a kansu. Amsa ce mai ma'ana ta fuskar lissafi, sai dai ba ta taɓa tambayar halacci ba, wadda malamai kaɗan ne ke son a yi musu ita a bainar jama'a.

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa layin ya bi tsakanin Musulmi da Kirista daidai. Cocin ECWA, wadda ta samo asali daga mishan ɗin SIM, tana hana mabiyanta giya da taba da ƙarfi, kuma Bamagujen da ya shiga coci irin wannan shi ma barin burkutu ne shaidar tubansa. A Kudancin Kaduna da Filato da Zuru gidan burkutu na nan ranar kasuwa, fasto na wa'azi a kansa ranar Lahadi. A Nijar, inda gwamnati ba ta bin tsarin addini, ana sayar da giya da lasisi, kuma Bière Niger mai hoton raƙumin dawa ta daɗe a mashayun Yamai. Amma halaccin doka bai sa jama'a sun yarda ba: a tarzomar Maraɗi ta Nuwamban 2000, da ta Damagaram da Yamai ta Janairun 2015, mashaya na cikin wuraren da aka fara cinna wa wuta.

Labarin taba daban ne, domin tun ranar da ta iso malamai suka rabu a kanta. Ganye ne na nahiyar Amurka, bai shigo ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, saboda haka babu aya ko hadisi da ya ambace shi da suna. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ake ƙirgawa cikin manyan malaman Malikiyya na Afirka ta Yamma, ya ba da fatawa a 1607 cewa halal ce tunda ba ta gusar da hankali. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu kuwa ya hana ta a 1633, har da kisa. A ƙarni na 19 daular Fulanin Masina da Shehu Ahmadu ya kafa a Hamdallahi ta haramta ta, malaman Kunta na Tambutu, waɗanda fataucinta na cikin sana'arsu, suka ƙi yarda. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, da zai tafi Tambutu a 1853, a Katsina ya sayi taba ya yi guzuri, saboda tabar Katsina tana da daraja har can. Abin mamaki, a 2012 da masu iƙirarin jihadi suka kama Tambutu, shan sigari na cikin laifuffukan da suka riƙa yi wa mutane bulala a kai, a garin malamin da ya halatta ta.

A ƙasar Hausa, ɗariƙar Tijjaniyya ce ta fi tsayawa tsayin daka a kan hani, tun daga Shehu Ahmadu Tijjani kansa, kuma yaɗuwar ɗariƙar a Kano ta hannun Shehu Ibrahim Inyass ta raba gidaje da yawa da taba. Malaman Izala da sauran masu bin fatawar malaman Saudiyya su ma haram suke cewa, bisa hujjar cutar da jiki da almubazzaranci. Wannan na cikin 'yan wuraren da ɓangarorin biyu suka haɗu. Amma a bakin talaka kalmar da ta zauna ita ce makaruhi, kuma da ita mai shan sigari yake kare kansa. Ba ya jin ya fita daga sahu. Yana sallah a jam'i, yana azumi, in an kira magariba ya ci dabino ya kurɓi ruwa sai ya zaga bayan masallaci ya kunna kara.

Tabar ma ba iri ɗaya ba ce a idon mutane. Tsoho mai tukunyar taba, da tsohuwa mai cusa garin taba da kanwa a leɓe, ba wanda ke kiransu 'yan iska. Abin tsufa ne, wasu ma cewa suke maganin haƙori ne. Furen taba kuwa kayan kwalliya ne: mata kan goga shi a haƙora tare da goro don su yi ja, kuma amare da yawa na zamanin kakanni da shi aka kai su ɗaki. Sigari ce ta zo da wani suna daban, domin ta zo ne tare da soja da direba da akawu da silima. Kamfanin taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, yana raba wa manoman Zazzau da Sakkwato iri da taki yana sayen ganye, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a garin. Waɗanda suka girma a shekarun 1970 da 1980 suna tuna Three Rings da Benson da Rothmans a rediyo da allunan talla da filin wasa.

Abin da ya tsare sigari a ƙasar Hausa ladabi ne. Ba a sha gaban uba ko suruki ko malami. Magidanci mai 'ya'ya biyar, in ya hango yayan mahaifinsa tafe, zai dunƙule karan a tafin hannu ya kai bayansa, ko ya jefar ya taka. Ana cin goro ko alewa mai yaji kafin a shiga gida. Mace kuwa ba ta da wannan rangwamen ko kaɗan: wadda aka gani da sigari a hannu an gama yanke mata hukunci, kuma finafinan Kannywood sun daɗe suna amfani da wannan, in ana so a nuna 'yar duniya ba sai an yi dogon bayani ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manyan Nijeriya ne ke amfani da taba, kashi 10 na maza, kashi 1.1 na mata. Adadi ne ƙarami in aka kwatanta da Masar ko Indunusiya ko Turkiyya, ƙasashen Musulmi da sigari ta zama ruwan dare a cikin mazansu. Na matan dai a karɓe shi da taka-tsantsan, domin wace matar aure ce za ta gaya wa baƙo mai riƙe da takarda cewa tana sha?

A takarda, Nijeriya ba ta yi sake da taba ba. Tun 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, aka yi dokar soja da ta hana sha a wuraren taruwar jama'a. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. A 2007 gwamnatin Kano na cikin jihohin da suka maka kamfanonin taba a kotu suna neman diyyar kuɗin jinyar marasa lafiya, shari'ar da ta yi ta jan ƙafa. Dokar 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu dab da barinsa mulki, ta hana talla, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga mai sha inda aka hana. Daga 2021 aka tilasta buga hoton cuta a jikin kwali. A Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110.

A je kowace tasha a duba abin da ya rage na dokar. Mai tireda yana buɗe kwali ya sayar da kara ɗaya, da ashana ko leta ɗaure da zare don mai saye ya kunna nan take. Wanda ya sayi kara ɗaya bai ga hoton jikin kwalin ba. Ana aiken yaro ɗan shekara bakwai ya sayo wa yayansa, ba mai cewa uffan. Unguwar da za ta tashi tsaye cikin dare ɗaya in aka ji wani ya soma sayar da giya a shagonsa, ita ce ta zauna shekara 30 da mai tireda a ƙofar makarantar firamare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, cikinsu har da fiye da miliyan 1 da ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu ne ya same su. Giya kuma ta kashe miliyan 2.6 a 2019. Matar da ke kwana ɗaki ɗaya da mai shan sigari, da jaririnta, suna cikin lissafin farko, amma da wuya a ji an kai ƙarar miji wajen Hisbah ko wajen waliyyi a kan hayaƙi.

Taba da giya duk suna da wari, kuma da warin ne al'umma ta saba kama masu su. Abin da ya shigo daga baya ba shi da wari. Maganin tari mai kodin a kantin magani ake sayensa, a juye shi cikin robar lemo, a sha a tsakar gida gaban uwa. Taramol ƙwaya ce da lebura da ɗan acaɓa da manomi ke haɗiya da shayi don su jure aiki. Babu mashayar da za a gan ka kana shiga, babu kwalbar da katafila za ta taka, kuma da farko mutane da yawa sun lallashi kansu da cewa ai magani ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, adadin da ya yi yawa ƙwarai a ce an ƙirga shi, amma ya girgiza mutane. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda maganin ke fita daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, washegari gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnati a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye, ban da taba da giya, a shekarar da ta gabata. A Kano kashi 16 cikin 100 ne, sama da mutum miliyan 1. Ɗaya cikin kowane masu sha huɗu a faɗin ƙasar mace ce. Kudu maso Yamma ta fi Arewa yawa a wannan bincike, abin da masu yi wa Kano gori ba sa faɗa. Amma Kudu maso Yamma ba ta taɓa iƙirarin ta rufe ƙofar maye ba.

Shisha ta bi ta wata kafar makamanciyar wannan. Taba ce, amma ƙamshin tuffa da inabi da na'ana'a take yi, tukunyarta abin ado ce, kuma ta zo ne daga ƙasashen Larabawa ta hannun ɗalibai da matafiya Dubai da Alƙahira, abin da ya ba ta wata riga da sigari ba ta da ita. Yarinyar da ba za ta taɓa riƙe kara ba tana iya ɗaukar kanta bidiyo tana busa shisha a wajen bikin ƙawa ta sa a TikTok. Masu sha da yawa sun yarda ruwan da ke cikin tukunyar yana tace dafin, alhali tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zaman awa ɗaya mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na sigari 100. Ministan lafiya Isaac Adewole ya ba da umurnin hana ta a 2018. Mali da Kamaru sun hana a 2022. Gidajen shisha ba su ragu a Abuja da Kaduna ba. Hukumar NAFDAC kuma tun Fabrairun 2024 take fama da kamfanoni a kan barasar leda, mai arha, wadda ke shiga aljihun ɗan makaranta ba a gani.

Inda wannan hali ya fi ciwo shi ne ranar da iyali suka gano ɗansu ya kamu. Tunda abin kunya ne, tunanin farko shi ne kada maƙwabta su ji, kada ya shafi auren ƙannensa mata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau ta Kano, amma kai yaro can tamkar shelar cewa ya haukace ne, ga kuma kuɗi. Sai a bi ta gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka sake samun irinsa a Daura da wasu garuruwa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye, suna kuma biyan kuɗin ajiyarsu. A binciken nan na 2018, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda shan ƙwaya ya yi wa katutu sun ce suna son magani, kuma manyan dalilan da suka bayar na rashin zuwa su ne tsadar jinya da tsoron abin da mutane za su ce.